Tsumman Da Bai Bushe Ba

Ƙarfe tara na safiyar Juma'a aka kira Sufeto asibiti. Wani dattijo ya rasu, na'urar da ke ɗiga masa magani ta ninka masa adadin. Kafin hantsi ya wuce an tsare injiniyar da ta rubuta manhajar na'urar.

"Tun watan jiya na gyara kuskuren nan," in ji ta. "Yallaɓai, a duba asalin rubutun."

Aka duba. Gyaran yana nan. Amma manhajar da aka tura wa na'urar ran Talata ba ta da shi.

Sufeto ya kasa zama. Ya nufi ofishin su injiniyar, ya tarar da mai haɗa manhajar, wanda suke kira Gwani, yana kurɓar shayi.

"Yaya kuke aikin?"

"Dokarmu ɗaya, yallaɓai. Ba ma tura wadda aka riga aka haɗa. Kullum daga asalin rubutu muke haɗa sabuwa, a waccan babbar kwamfutar. Awa huɗu take ci."

"Ran Talata ka haɗa?"

"Da hannuna. Wataƙila daga baya injiniyar ta cusa gyaran don ta wanke kanta."

Sufeto ya zagaya ɗakin sau biyu. A bayan kwamfutar ya ga tsumma rataye a ƙusa. Sai ga mai shara da bokiti.

"Inna, me tsumma yake yi a nan?"

"Ɗan nan, ai rana ce ta kyauta. In suna haɗe-haɗensu, abin nan huci yake kamar mai zazzaɓi. Kafin in gama baranda ya bushe ƙayau."

"Ran Talata fa?"

"Kai, bar tuna mini! Har na tashi yana ɗiga. Na ce Gwani, yau injin naka yajin aiki yake?"

Sufeto ya juya. Gwani ya ajiye kofin, shayi ya fantsama a tebur.

"Kira na aka yi, matata tana naƙuda," ya faɗa a hankali. "Awa huɗu, yallaɓai! Akwai tsohuwar haɗaɗɗiya a kwamfutata. Na ce ai duk ɗaya ne. Na canza mata lamba na tura."

"Wannan na fahimta. Ni ma da na gudu asibiti. Abin da ya ɗaure min kai, tun safe ka san tana tsare, kana nan kana shan shayi."

"'Yata kwananta uku a duniya."

"Injiniyar nan yara biyu ta bari a gida. Na'ura nawa ka tura wa?"

"Arba'in."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto bai gama ɗaura wa Gwani ankwa ba, Sufeto ya manna waya a kunne, yana cewa a kashe su duka.

Da aka sake ta daga caji ofis, injiniyar ba ta je gida ba. Ta zo ta zauna gaban babbar kwamfutar, ta danna don haɗa sabuwa. Fanka ta fara huci. Sufeto ya duba agogo, ya ci gaba da safa da marwa. Inna ta matse tsummanta ta rataye.