Ranar da Aka Zuba Magimfa

A bakin rafin Godogodo Afiniki ta fara ganin Meshak, yana cikin rami har ƙugu, ya yi kaca-kaca da laka. Bayan yaƙin basasa ya daɗe a bakin teku yana aiki wurin masu kiwon kifi, ya dawo gida da taurin kan sai ya haƙa tafkinsa.

Ta tambaye shi ko kifin zai riƙa kaiwa kiwo da sanda. Ya yi dariya, ya ce in ta yarda ita ce makiyayiyar. Tun ranar take zuwa da dusa a ƙwarya, yana kiranta Tarwaɗata, ita kuwa tana yin kamar ba ta so.

Matsalar ita ce Baba Obadiah, mahaifinta, shi ke jagorantar su, wato kamun kifin rani, lokacin da mata ke daka ganyen magimfa a zuba a rafi, kifi ya bugu ya taso. Meshak ya durƙusa ya roƙe shi a daina, domin dafin yana kashe har ƙwai, kuma rafin ne ke shayar da tafkinsa. Tsohon ya ɗauki hakan raini, ya ce ba zai ba mai zagin kakanni 'yarsa ba.

Afiniki ta ƙi taɓa taɓarya, amma aka zuba. Kafin azahar tafkin ya yi fari da cikin kifi, manya da 'yan mitsi-mitsi. Meshak ya zauna a gefe, ko kuka ya kasa.

A gaban kowa Afiniki ta shiga ruwan da zaninta, tana kwashe matattun.

"Kai, Afiniki, fita daga wannan ruwa," in ji ubanta.

"Baba, kifin mijina ne. Bari in gama."

Obadiah ya daɗe yana kallon ƙananan da ko miya ba za su yi ba. Abin ya taɓa shi, har daga baya ya yarda ya ba Meshak ita.

Bayan girbin citta aka ɗaura auren a coci, ba armashi sosai. Da fasto ya gama, tsohon ya dafa kawunansu.

"Ubangiji ya albarkace ku. Na ba ku fadamata ta sama, inda ruwa yake ɓuɓɓugowa. Ku haƙa a can, ɗana, gama baɗi ma za mu zuba."

Afiniki ta matse hannun mijinta, suka ce amin.