Kwalin da Buɗe-Mu-Gani Bai Buɗe Ba

Tun da safe Auta take fama da kofi ɗaya. Ta wanke, ta ɗauraye, ta kife, ta sake ɗaukowa. Kaka da ke zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana jan carbi ta gaji da kallon ikon Allah.

"Ke Auta! Me kofin nan ya yi miki ne? Ko shi ma kotun za ki kai shi?"

Auta ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki wayarta ta duba, ta ajiye, ta leƙa ƙofar gida, ta dawo ta zauna, kafin ta gama zama ta sake miƙewa. Haka take tun ranar da aka kama wanda za ta aura.

Direba ne a tasha, kuma babu mai kiransa da sunan yanka. Buɗe-Mu-Gani ake ce masa, saboda ko ƙullin barkono ka kawo saƙo sai ka kwance shi a gabansa kafin ya shiga motarsa. An zage shi, an yi masa ba'a, wata tsohuwa har ta taɓa kai masa duka da lema, amma bai fasa ba. Sai ga shi jami'an hana fataucin ƙwayoyi sun tare shi a shingen bincike, sun farke wani kwali a bayan motar, suka tarar da shi danƙare da ƙwayoyin maye. An ƙi ba da belinsa. Da aka tambaye shi wa ya ba shi kayan, sai ya sunkuyar da kai ya ce ya manta.

Auta kuwa ta san bai manta ba, don a gabanta aka yi komai. Kwalin na Yaya Babba ne, yayanta da ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinsu, wanda kuma shi ne ya amince da auren. Ya ce sabulu ne da man shafawa zai aika wa wani abokin ciniki, har ya sa ta rubuta sunan mai karɓa da alƙalamin maka a jikin kwalin, wai rubutunta ya fi kyau. Da direban ya zo ƙofar gida ya zaro ƴar wuƙarsa zai yanka salatif ɗin da aka liƙe kwalin da shi, ita ce da bakinta ta riƙe masa hannun riga.

"Haba dai! Kayan Yaya ma sai ka buɗe? Plis, kar ka ba ni kunya mana."

Ya dubi Yaya, ya dube ta, ya mayar da wuƙar aljihu yana murmushin jin nauyi. Wannan murmushin ne ya hana ta barci, ya hana ta ci, ya hana ta zama wuri ɗaya.

Wayar ta yi ƙara. Lauyar da ke kare shi ce, ta ce ta zo ofis.

Ofishin ɗan ƙarami ne, fanka na juyi tana kaɗa takardu. Barista mace ce mai magana a tsaye, ba ta iya zagaye-zagaye ba.

"Zauna, ƙanwata. Abu biyu kotu take dubawa. Na farko, an sami kayan a hannunsa? An samu, wannan babu musu. Na biyu, ya san abin da ke ciki? A nan faɗanmu yake, kuma a nan muke shan kashi."

"Amma ai abokan aikinsa sun zo sun yi masa shaida!"

"Sun zo, Allah ya saka musu. Kowa ya tashi ya rantse cewa mutumin nan bai taɓa ɗaukar kaya bai buɗe ba. Kin san abin da mai gabatar da ƙara ya ce? Ya ce madalla, tunda ba ya ɗaukar kaya sai ya buɗe, ashe wannan ma ya buɗe, ya ga ƙwayoyin, ya ɗauka da saninsa. Kyawun halinsa ne yake shirin ɗaure shi."

Auta ta ce, "In aka same shi da laifi fa?"

"Shekaru ne masu yawa. Zai fito da furfura, da tambarin da babu tashar da za ta sake ba shi mota." Barista ta cire tabarau ta ƙura mata ido. "Mutum ba ya manta kwali guda irin wannan. Wani yake rufa wa asiri, kuma duk sanda na ambaci gidanku sai ya kau da kai. Ba zan tilasta ki ba. Amma ki sani, in kika yi magana ke ma za a yi miki tambayoyi masu zafi."

Auta ba ta iya hawa mota ba, da ƙafa ta koma gida, tana tafe tana tuntuɓe. Ta tarar da Yaya a falo yana cin abinci hankali kwance, Inna na yi masa fifita. Abin ya ƙona mata rai har bakinta ya riga tunaninta.

"Yaya, ka je ka faɗa musu gaskiya. Wallahi in ba ka je ba ni zan je!"

Cokali ya faɗi. Yaya ya miƙe, idanunsa jawur. "Ke! Ni kike faɗa wa haka? Wa ya ciyar da ke? Wa ya kai ki makaranta?"

"Kai ne, Yaya, kuma ban manta ba. Amma bawan Allah yana tsare saboda ya ji kunyarka—"

"Rufe min baki!" Inna ce ta daka tsawa. "Saboda ɗa namiji za ki tona wa ɗan'uwanki asiri? Maza sun ƙare ne? Shi yaron ma da yake bare ya yi shiru, sai ke da kuka sha nono ɗaya? In kika taka kotun nan, ki nemi wata uwar!"

Auta ta durƙushe tana kuka. Tana son Inna, tana son Yaya, kuma babu wanda za ta iya cirewa daga ranta a cikinsu. Kaka ce kaɗai ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo ta ɗakinta, ta share mata hawaye da gefen zani.

"Uwarki ba mugunta take yi ba, tsoro ne. Amma ni ina da tambaya. Kwalayen da suka wuce kafin wannan, ƴaƴan wa suka sha abin da ke ciki?"

Washegari Auta ta je gidan yari ziyarar direban. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, amma da ya gan ta sai ya washe baki.

"Amarya, kin zo duba kayanki ko sun lalace?"

"Ni ba wasa ya kawo ni ba. Zan yi shaida."

Fara'ar ta ɗauke. "A'a, Auta. Yayanki ne fa. Da wane ido zan kalli Inna? Ni na karya dokata da hannuna, bari in ɗauki abina."

"Ni na sa ka karya ta! Sau ɗaya ka ji maganata ka shiga uku. Yau ma ba izini na zo nema ba, sanar da kai na zo yi."

Ranar zaman kotu aka kira Auta. Ta rantse, ta faɗi komai, tun daga salatif har zuwa wuƙar da ta koma aljihu. Mai gabatar da ƙara ya taso yana murmushi.

"Malama, aure za ku yi, ko ba haka ba? To wace budurwa ce ba za ta shirya labari don ta ceci angonta ba?"

"Ranka ya daɗe, a dubi kwalin," in ji ta. "Rubutun da ke jikinsa nawa ne. A ba ni maka in sake yi a gaban kowa."

Alƙali ya ba da umarni a gwada rubutun, a kuma faɗaɗa bincike. Rubutun ya zo daidai da nata, ita kanta kuma ta sha tambayoyi har aka tabbatar ba ta san abin da ke ciki ba. A shagon Yaya kuma, bayan katan-katan na sabulu, aka tarar da irin kwalin a jere. Kotu ta sallami direban ta wanke shi, aka yanke wa Yaya Babba hukuncin ɗauri.

Inna ta cika alkawarinta. Auta ta gaishe ta, ta kau da kai. Ta kawo mata ruwa, ta ture. An ɗaura auren ba kiɗa ba taro, Kaka ce ta tsaya a matsayin uwa. Duk da haka kullum da safe sai Auta ta zo ta durƙusa ta yi gaisuwar da ba a amsawa, mijinta kuma ya sauke cefane a ƙofa ya juya. Haka damina ta wuce, wata ta sake zagayowa.

Ran nan Auta da mijinta suna zaune a gidansu sai ga sallama. Inna ce, da ƙullin kaya a hannu. Auta ta miƙe zumbur, har ta yi ɓarin shayi.

"Na je wurin yayanki," Inna ta ce, idonta a ƙasa. "Ya ce shi ma ya fara shan abin, da ba a kama shi ba da yanzu gawarsa ake nema. Ya ce in roƙar masa gafararku." Ta juya ga surukinta. "Ga tufafi da sabulu, tunda hanyarka ce ka miƙa masa."

Ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya nufi mota da ƙullin a ɗaure.

"Kai, dawo nan!" Inna ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Buɗe mu gani."

Auta ta faɗa jikinta, su biyun suka fashe da kuka, shi kuwa ya durƙusa yana kwance ƙulli.

To, ƴan'uwa, kunya ado ce, amma duk kunyar da za ta hana ka tambayar abin da aka ɗora maka, wahala ce take jiranka a gaba. Rufa wa mai laifi asiri ba zumunci ba ne, taya shi haƙa rami ne. Auta ta faɗi gaskiya ta yi haƙuri da zafinta, sai Allah ya bar mata mijinta, ya dawo mata da uwarta, ya kuma raya mata yayan da take tsoron ta rasa.