Mai Jegon da Ba Ta Shan Nono

Sakina tana zaune a ƙofar ɗaki, jaririnta a cinya, ƙwaryar fura da nono a gabanta. Ƙuda ya sauka ya tashi, ba ta ko kore shi ba.

"Har yanzu ba ki sha ba?" in ji Hajja, uwar mijinta. "Fari ya sa shanu suna ta faɗuwa a garin Droum, na sha wahala na samo miki nono, ke kuma kina yi masa kallon hadarin kaji!"

"Na ƙoshi, Hajja."

"Kin ƙoshi da me? Da iska?"

Ba ƙoshi ba ne. Duk ranar da Sakina ta sha nono, ko ta ci man shanu ko awara, sai yaron ya feso da ƙuraje, ya yi ta amai, har jini a kashinsa. Madam, ma'aikaciyar jinya ta dispansar, wato ƙaramin asibitinsu, ta ce mata, "Abin da kika ci shi yake sha. Ki bar nono, ki bar waken suya, har garin taimakon nan da ake rabawa."

To amma ɗan fari ne, kuma sunan marigayi mijin Hajja ya ci, wato Mamman. Wace mace mai kunya za ta buɗe baki gaban suruka ta ce "saboda ɗana"? Mijinta Suma'ila, direban kamiyo, wato babbar motar kaya, son ta yake kamar ransa, amma shi ma kunyar ta ɗaure shi. Da Hajja ta tsare shi, cewa ya yi, "Cikinta ne ba ya so."

"Ciki mai zaɓe a shekarar fari?" in ji Hajja. "Wannan ba matar rufin asiri ba ce. In ba za ta ci abin da muke ci ba, ka mai da ta gidansu."

Sakina tana ji daga ɗaki. Ba ta yi kuka ba. Yunwa da reno sun riga sun cinye mata hawayen, ta zama sai dai a ce tashi ta tashi, zauna ta zauna.

Ranar Juma'a Suma'ila ya ce bari ya yi dabara, wai ko cin abinci tare zai wanke zukata. Ya kai su resto, gidan abincin wata mata mai suna Fanta da ke bakin tasha. Da aka kawo shinkafa da miya, Sakina ta sunkuya ta yi wa Fanta raɗa.

"Yaya Fanta, an sa man shanu? Wannan fari-farin awara ce?"

"Awara ce, ƙanwata. Nama ya yi wuya bana."

Hajja ta ajiye cokali. "A gida kin ƙi, a nan ma za ki tozarta mu? Ga mutane can bakin hanya ko ƙanzo ba su samu ba. Ki ci, ko kuwa yau ki kwana gidan ubanki!"

Sakina ta dubi Suma'ila. Ya sunkuyar da kai. Sai ta sa hannu ta ci, loma bayan loma, ba ta jin ɗanɗano ko kaɗan. Da yaron ya farka da kukan yunwa ta ba shi mama, don ba ta da wani abin ba shi.

Washegari da hantsi jikinsa ya saki, idanunsa suka faɗa. Suka ruga dispansar a kan kabu-kabu, Hajja na biye tana salati. Madam ta sa masa ƙarin ruwa, sannan ta juyo a fusace.

"Me kika ci? Ban hana ki nono da awara ba? Kashe shi za ki yi?"

Hajja ta matso kusa da Sakina.

"Ke 'yar nan, kin san haka zai faru?"

"Na sani, Hajja."

"Kuma kika ci?"

"Kin ce in ci."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na fari ne, Hajja. Ga kuma sunan da yake ɗauke da shi."

Hajja ta zauna a ƙasa daɓas. Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma, da gemunka, ka bar ni ina tura wa jikana guba? Ni fa na koya muku kunyar nan, amma ban ce ku binne mini yaro da ita ba!" Suma'ila ya durƙusa yana neman gafarar su biyun.

Allah ya yi da sauran kwana, yaro ya tashi. Bayan ya murmure, Hajja da kanta ta ce a koma wurin Fanta. Ba ta zauna ba, madafa ta wuce kai tsaye tana buɗe tukwane.

"Ke Fanta, saurara! Maigidana ba ya cin man shanu, ba ya cin awara. Man gyaɗa za ki sa, a wanke tukunya da ludayi, ina tsaye!"

Da abincin ya iso ta ɗanɗana, sannan ta tura gaban Sakina. "Ci, 'yata. Ke ki riƙe kunyarki, ni zan zame miki baki."

Sakina ta kai loma ɗaya, ta ji gishiri, ta ji yaji, sai ga hawaye shar-shar. Suma'ila ya miƙa mata ruwa a gaban uwarsa, bai ɓoye ba.

Kunya ado ce, haƙuri kuma ba ya faɗuwa ƙasa banza. Amma inda rai yake, a buɗe baki a faɗa, kuma babba ya tambayi dalili kafin ya yanke hukunci.