Buƙatarsa Ta Zo Ta Bakwai

Ta fara ganinsa ne ranar da ya shigo taron masu gina manhajar, ya dire mata fasasshen bututun injin busar da hatsi a kan tebur.

"Ke ce mai tsara jerin ayyuka?"

Ita ce. Manhajar zanen injuna ce, kyauta ga kowa, 'yan sa-kai ke rubuta ta. Buƙatu sun haura ɗari, masu aikin ba su kai goma ba, kuma ita ke zaɓen abin da za a fara.

"Manhajarku tana lissafin zafi daban, iska daban, ƙarfe daban," in ji shi. "A injina kuwa tare suke aiki. Ga abin da ya biyo baya."

Haushi ya kama ta, don gaskiya ya faɗa. Kafin wata biyu gardamar ta koma zance a falon gidansu, tana kiransa Sarkin Ƙorafi, yana kiranta Ranki-ya-daɗe.

Sai wani abokin aikinta, wanda ya daɗe yana sonta, ya ga buƙatar saurayin a saman jerin, ya ce a gaban kowa ai yanzu jerin ya zama lefe. Maganar ta ƙona mata rai. Ta mayar da buƙatar masoyin nata ta bakwai, ta ɗora lissafin girgizar injin lantarki a sama.

Saƙonsa ya shigo: "Ta bakwai? Manoma na dawo min da injina, ke kina gudun bakin mutane."

Ta rubuta amsa sau huɗu tana gogewa, sannan ta aika. "Ba ka kawo awo ko ɗaya ba. Da me za mu gwada lissafin? Da son da nake maka?"

Sati uku ba ta ga ƙeyarsa ba. Babanta kuma ya ƙara mata zafi.

"Yaron da kullum sai na jiyo kuna musu? Ban yarda ba."

"Baba, a kan aiki ne."

"Auren ma aiki ne."

Ranar taro na gaba sai ga shi, yatsunsa duk ƙuna, da littafi cike da awon zafi da gudun iska. Ya miƙa wa kowa, ban da ita.

"Kada ta sa baki. Ku duba, ku jefa ƙuri'a."

Buƙatar ta hau ta biyu. Ya ɓata fuska, ta harare shi, dariya ta ƙwace musu.

Da Baba ya ji labarin, ya sa aka kira shi.

"Da ta ƙi ka, me ka yi?"

"Na yi fushi, Baba. Daga baya na ga ita ce da gaskiya."

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Turo manyanka."

Bayan an ɗaura aure, Mama ta riƙe hannun amarya tana share hawaye. "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa albarka. Kwamfutar nan dai a bar ta a falo."

"Amin, Mama," in ji ango. Amarya ta ce za ta duba buƙatar.