Goron da Bai Shiga Gida Ba

Ƙarar bindiga na ji sau ɗaya, sai jiniyar tsaro ta ɗauka.

"Tasnim, kwanta ƙasa!" Ummi ta finciko ni daga bakin taga.

Na ƙwace. Ta gefen labule na hango dattawa kwance a kan kwalta cikin manyan riguna, masu gadi tsaye a kansu. Can ƙarshe wani saurayi ne cikin farar shadda.

Nuraddeen!

Mu 'yan Sudan ne. Abbana injiniya ne a wani kamfani a nan Kaduna, a nan na yi wayo, Hausa a bakina kamar 'yar Hayin Banki. Tun da aka sace wani ma'aikacinsu a hanya, kamfanin ya tattara iyalai cikin katanga ɗaya ya kulle. Ba kasuwa, ba biki, baƙo ma sai an sanar da zuwansa tun da wuri. Gidanmu na Khartoum kuwa yaƙi ya cinye, balle mu ce za mu koma.

A shagonsa na yadi da ke Babbar Kasuwa muka haɗu, kafin a rufe mu. Daga baya zancenmu ya koma ta 'yar tagar ƙofar ƙarfe, mai gadi na zare mana ido.

"Hasken idona, na gaji da ganin rabin fuskarki," ya ce min wata rana. "Manya zan turo."

"To ka faɗa min ranar, Abba ya sanar da masu gadi..."

"An gama."

Bai faɗa ba. Kawunsa Isiyaku ne ya hana, wai neman aure maganar maza ce, ba a shawara da yarinya. Suka ciko bas daga Unguwar Shanu, Nuraddeen ya tuƙo su, ga buhun goro a ɗaure. Masu gadi suka ga mota maƙare da fuskokin da ba su sani ba. Da aka ce su ɗaga riguna a duba ko da makami, Kawu ya ce ba a haifi mai tsiraita shi a titi ba, ya doshi ƙofa. Shi ne aka yi harbi sama.

Abba ya fita ya yi ta ba da haƙuri har aka sake su. Da ya dawo, ya kasa haɗa ido da ni.

"Jibi kamfani zai kwashe iyalai zuwa Alƙahira."

"Abba, goro ne fa! Goro suka kawo!"

"Na faɗa musu, habibti. Ni ma baƙo ne a nan, izinin zamana a hannunsu yake."

Na kira Nuraddeen ina kuka. "A ɗaura auren kafin jibi, don Allah..."

"Wa zai tsaya min, Tasnim? Kawu ya rantse ba zai sake taka ƙofarku ba, kuma babu mai tsallake maganarsa a danginmu." "Amma zan zo in ga tafiyarki. Ko sau ɗaya in ga fuskarki duka."

Ranar tafiya aka sa muka kashe wayoyi, kada a san hanyar da za mu bi. Motoci masu baƙin gilashi suka fito a jere.

Nuraddeen yana tsaye a tsallaken titi, iya inda aka bar shi ya tsaya, yana bin kowace mota da ido.

Na danna maɓallin gilashi.

"Ba ya sauka, ranki ya daɗe," in ji direba.

Na buga da tafin hannuna, na kira sunansa har maƙogwarona ya yi zafi. Wallahi ban taɓa jin ba ni da iko da komai ba irin na ranar.

Sai na ga ya yi murmushin nan nasa, ya dafa ƙirji, ya ɗaga hannu yana bankwana da motar da ke gabanmu.

Akwatunanmu ne kawai a cikinta.