Notin da Ba a Ɗaure Ba

A unguwar Hausawa ta Agege akwai wani yaro ɗan aji biyar, mai son taɓe-taɓen tsiya. Duk abin da ke da noti sai hannunsa ya kai wurin. Yana zaune ne tare da kakansa, Baba Ɗanliti, da kakarsa Laraba.

Baba Ɗanliti ya yi shekara talatin yana tuƙa tanka daga Apapa zuwa Arewa. Yanzu ya ajiye aiki. Abin da ya rage masa sai wata tsohuwar mota shuɗiya mai shan gas, wato man dizal. Ta girmi yaron nesa ba kusa ba. Fentinta ya koɗe, ƙofarta ɗaya sai an ɗaga kafin ta rufu. Amma kada ka kuskura ka kira ta akwala a gabansa.

Wata Juma'a da yamma, yaron ya so ya wanke sarƙar kekensa. Ya taɓa ganin Kaka ya sassauta wani ɗan noti a jikin filtar mai, gas ya ɗigo. Sai ya faki ido, ya ɗaga bonet, ya kwance notin da sifana. Ya tari mai kaɗan a gwangwanin madara. Ana haka abokansa suka kira shi ƙwallo. Ya murza notin da yatsu kawai, ya rufe bonet, ya ruga.

Washegari tun da sassafe Baba Ɗanliti ya sa babbar rigarsa ta zuwa Idi, zai je ban kwana. Amininsa Malam Sanda, mai sayar da raguna a Alaba Rago, zai koma gida Arewa gaba ɗaya. Tsufa ya zo, gwiwoyi sun gaji. Motar da za ta kai shi za ta tashi ƙarfe sha biyu.

Yaron ya san labarin su biyun kamar karatunsa. Jirgin ƙasa ɗaya ya sauke su a tashar Agege suna samari. Ɗaki ɗaya suka kama a bayan kasuwar goro, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. A lokacin, in ji Kaka, daji ne a bayan gidan, kuma kowa ya san kowa. Yarbanci ma tare suka koye shi, masu sayar da abinci suna yi musu dariya.

Aka loda huhun goro da jarkar manja a but ɗin mota, tsarabar Sanda. Kaka ya shiga, yaron ya zauna kusa da shi.

Kaka ya murɗa makulli, ya jira 'yar wutar hita mai ɗumama inji ta mutu, yadda ya saba. Ya sake murɗawa. Inji ya yi ta juyawa, amma mota ba ta tashi ba. Ya ƙara, haka. Ya ƙara, haka dai.

Nan take yaron ya tuna notin jiya. Amma ya ja bakinsa ya yi gum.

Baba Ɗanliti ba mutum ne mai saurin ruɗewa ba. Ya ce wa jikansa mota ba ta ƙin tashi haka kawai, sai dai a bi ta daki-daki. Batir dai lafiyarsa lau, tunda inji yana juyawa da ƙarfi. Hita ma ta kawo wuta. Ya zura ƙaramar sanda a tanki, ta fito sharkaf da mai. Sai ya tura yaron bayan mota ya duba salansa.

"Ka ga hayaƙi?" in ji Kaka, yana murɗa makulli.

"Babu, Kaka."

"To mai ne ba ya isa inji."

Ya duba tiyo, ya leƙa ƙarƙashin mota, ya ɓata babbar rigarsa da baƙin mai. Notin kuwa yana can lungu, kuma idon tsoho ba kamar da ba. Ƙarfe tara ta wuce. Ƙarfe goma ta kusa.

Laraba ta fito ta ce ya haƙura ya hau danfo, motar haya. Ya ce danfo uku zai canza, ga kaya, ga ciwon ƙafa. Ya buga wa Sanda waya. Sanda ya ce direba ya rantse ba zai ƙara ko minti ɗaya a kan sha biyu ba.

Kaka ya zauna a kan benci, ya cire hula. Ya ce watakila babban famfon mai ne ya lalace, shi kuwa aikin kwana biyu ne a gareji.

"Shekara arba'in da biyar," ya faɗa a hankali. "A ce mutumin nan ya tafi ban riƙe hannunsa ba. Wa ya san ko za mu sake ganawa?"

Yaron bai taɓa jin muryar Kaka tana rawa ba. Kunya da tausayi suka kama shi, har suka fi tsoron faɗa. Ya matso, kansa a ƙasa.

"Kaka, ni ne. Jiya na kwance notin filta na ɗebi mai. Ban ɗaure shi sosai ba."

Kaka ya dube shi. Ya miƙe, ya laluba notin. Yana taɓawa ya juya.

"Iska ce ta shiga layin mai," in ji shi. "Motar gas ba ta shiri da iska ko kaɗan. Zo nan, ɗan nema. Kai ka sa ta, kai za ka fitar da ita."

Ya nuna masa wani ɗan famfon hannu a saman filtar. Yaron ya yi ta dannawa har babban yatsansa ya yi zafi. Da farko kumfa ce ke fitowa ta bakin notin. Can sai ga mai zalla. Kaka ya ɗaure notin tamau. Ya murɗa makulli sau biyu, a na uku mota ta yi tari, ta tashi. Duk aikin bai kai minti goma ba.

Suka bi ta Iyana-Ipaja, suka sha cunkoso a Igando. Da suka isa Alaba Rago, babbar motar tana ruri, Malam Sanda ya riga ya hau gaba. Yana hango shuɗiyar mota ya ce a sauke shi. Direba ya yi ta mita, amma wa zai hana dattijo?

Tsofaffin nan suka riƙe hannun juna suka ƙi saki. Suka tuna ɗakin bayan kasuwar goro, suka yi dariya, suka share hawaye. Suka yafi juna. Sanda ya shafa kan yaron, ya sa masa albarka, sannan ya hau.

A hanyar gida yaron ya ba Kaka haƙuri. Kaka ya ce ya yafe, kuma ya ji daɗi da ya faɗi gaskiya.

"Amma ka ji wannan," in ji shi. "Na so in yi awa biyu da Sanda, minti goma na samu. Ba notin ne ya cinye lokacin ba, shirunka ne. Kada ka taɓa abin da ba ka sani ba sai ka tambaya. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, tun gyaran yana da sauƙi."

"Na ji, Kaka. Ba zan ƙara ba."

Tun daga ranar, duk Asabar su biyu ake gani a gaban bonet. Yaron yana tambaya, tsohon yana nuna masa.