Jirgin Baba Haggai

Ana tashi daga coci ranar Lahadi aka kawo rahoto ofishin 'yan sanda na Zuru: an tarar da Baba Haggai, tsohon Saja Manjo, kwance babu rai a ɗakinsa a Rikoto.

Insfekta Theresa Senchi ce ke kan aiki. Shekararta goma sha tara da kaki, kuma duk ofishin an san ba ta iya cewa "to" don kawai a rabu lafiya. Ta hau bayan babur ɗin wani kofur suka tafi.

Tsohon yana kwance kusa da gadonsa na ƙarfe, ƙeyarsa ta bugi ƙafar gadon. Akwatinsa a buɗe, an watso takardu ko'ina. Amma rediyonsa na nan, agogonsa na nan, lambobin yabonsa na yaƙi ma suna nan cikin gwangwani. Theresa ta ce a ranta, wanda ya yi wannan aika-aika ba kaya ya zo ɗauka ba, wata takarda yake nema.

A jikin bango akwai wani firam, gilashinsa tas kamar yau aka goge. Ba hoto ne a ciki ba, tsohon tikitin jirgin ƙasa ne, har ya yi ruwan ƙasa don tsufa.

Kafin ta fito, unguwa ta gama yanke hukunci. Saloma ce, matar babban ɗansa Joel wanda ya rasu a yaƙin Laberiya, ita ke kula da tsohon shekara goma ke nan. An ji su suna cacar baki ranar Asabar. Ba ta je coci ba. Ita ta fara ganin gawar, kuma ko ɗigon hawaye ba a gani a idonta ba. Dole Theresa ta tafi da ita ofis, ko don kada mutane su far mata.

Saloma ta zauna a kan benci, ta harɗe hannuwa.

"Ina kika je da safe?"

"Manga. Amso mashi maganin ƙafa."

"Faɗan me kuka yi jiya?"

"Abinci. Kwana ukku bai ci ba tun da wata takarda ta zo mashi. Na ce in mutuwa yake so ya yi shi bari in fita gidan tukuna. Shi ya ce ba ruwana."

"Takardar me?"

"Ban iya karatu ba, Madam. Shi ko bai faɗa ba."

"Mutane sun ce ba ki yi kuka ba."

Saloma ta dube ta ido cikin ido. "Shekara goma ina wanke mashi ƙafa, babu wanda ya leƙo. Yau su za su auna mani hawaye? In na tashi kukana ba gabansu zan yi ba."

Theresa ta rufe littafinta. Matar ta burge ta, amma burgewa ba ta fid da mutum daga sel.

Washegari da hantsi ta koma Rikoto wajen zaman makoki. Ta zauna kusa da Baba Aaron, abokin marigayin tun suna kurata, ta tambaye shi labarin tikitin nan na bango. Tsoffin da ke wurin suka yi 'yar dariya duk da baƙin ciki. Ashe babu wanda bai haddace wannan labari ba a Rikoto, domin Haggai ya fi shekara arba'in yana ba da shi, a coci, a kasuwa, a wurin biki, kuma bai taɓa sauya ko kalma ɗaya ba.

A 1964 ne, yana farabiti, yana yi wa wani Manjo hidima. Manjon ya kamu da zazzaɓi a Legas, sai aka yanka wa Haggai tikitin fes-kilas don ya kwana tarago ɗaya da shi har Kaduna. Baba Aaron ya gyara murya ya kwaikwayi abokinsa: farin zanen gado an yi masa guga, kwanon wanke fuska da ake jawowa daga jikin bango, ƙararrawar da ake kaɗawa a kira mutane cin abinci, ga mai hidima cikin farin kaki da jar ɗamara. Gari ya waye musu a kan gadar Jebba, yana gadon sama yana kallon kogi, aka kawo masa shayi da soyayyen kifi.

"Shi ne mai hidiman ya rusuna ya ce mashi, 'Yallaɓai, a ƙaro?'" Baba Aaron ya share ido. "'Yata, ranar aka fara ce ma Haggai yallaɓai a duniya. Mu nan Zuru ko layin dogo babu. Jirgin da muka sani ke nan."

Da azahar ƙaramin ɗan marigayin ya iso, Kyaftin Japhet, cikin kaki mai sheƙi da baƙin tabarau. Bai tsaya gida ba, ofis ya wuto kai tsaye. Difi'o, shugaban ofishin, ya miƙe tsaye ya ba shi kujera, har da aika a sayo lemo.

Japhet ya ce hutu ya zo, sai a tasha ya ji mummunan labari. Ya ce tun tuni yake faɗa wa mahaifinsa ya kori matar nan. Yana so a miƙa ta Birnin Kebbi a gurfanar da ita, ba tare da ɓata lokaci ba.

"Yaushe ka baro Legas?" in ji Theresa.

Ya juyo ya kalle ta sama da ƙasa. "Madam, ni kike tuhuma?"

"Tambaya na yi."

"Asabar da yamma. Jirgin ƙasa na shiga, na sauka Zungeru jiya da la'asar, na kwana Kontagora."

"Tikitin fa?"

"Sun karɓe a ƙofar fita."

"Wane tarago?"

"Ki dube ni da kyau. Fes-kilas mana, mai gadaje."

Da a nan ya tsaya, da ya sha. Amma Difi'o ya ce kai, ashe har yanzu ana jin daɗin jirgi, sai bakin Japhet ya buɗe. Ya kawo farin zanen gado, ya kawo kwanon bango, ya kawo ƙararrawar abinci. Theresa ta sunkuyar da kai tana rubutu.

Kafin a maido ta gida, shekara huɗu ta yi tana aiki a tashar jirgin ƙasa ta Minna. Ta shiga wannan tarago ya fi sau ɗari. A zamanin da ta san shi, matafiyi shi ke zuwa da zanen shimfiɗarsa da jarkar ruwansa, kifi kuma ta taga ake saye wurin mata masu talla. Ba ta taɓa jin ƙararrawa ba, ba ta taɓa ganin jar ɗamara ba.

Bayan fitarsa ta faɗa wa Difi'o. Ya haɗe rai.

"Hafsan soja ne, Theresa. A garin nan kowane gida da soja. So kike a ƙone mana ofis saboda zanen gado? Laraba da safe matar nan za ta wuce Birnin Kebbi."

"Oga, sai dai wani ya sa hannu a takardar. Ba ni ba."

"Kin san abin da kike faɗa?"

"Na sani. In ka ga dama ka rubuta min takardar tuhuma. Amma Laraba ba ta yi ba tukuna."

Ranar Talata ta fara da tashar mota. A nan ta gane dalilin da ya sa mutum zai zaɓi jirgi in zai yi ƙarya. Direbobin Legas duk sun san juna, sun san fasinjojinsu har da sunan ƙauyensu, cikin awa ɗaya za a tona mai ƙarya. Amma jirgin ƙasa, wa za a tambaya a Zuru?

Daga nan ta shiga sel wurin Saloma, ta tambaye ta ina tsohon ke ajiye abin da ya fi ƙauna. Saloma ta ce akwatin na tarkace ne kawai. Abu ɗaya ne bai yarda kowa ya taɓa ba, ko gogewa shi ke yi da kansa.

Theresa ta koma Rikoto, ta sauko da firam ɗin, ta zare ƙusoshin bayansa. Tsakanin tikitin da katako akwai takarda a ninke. Ta karanta sau biyu, sannan ta aika a ce wa Baba Aaron ya zo ofis gobe da sassafe.

Laraba, ƙarfe takwas, motar Birnin Kebbi na tsaye a ƙofa. Japhet ya zo ya ga tafiyar Saloma da idonsa. Theresa ta ce saura abu ɗaya, ya maimaita bayanin tafiyarsa a gaban Difi'o don a rufe fayil. Baba Aaron na zaune a kusurwa da sandarsa.

Japhet ya yi tsaki, ya fara. Yana kan zanen gado sai leɓen Baba Aaron ya soma motsi. Yana kan ƙararrawa tsohon ya ɗago kai.

"A ina gari ya waye muku?" in ji Theresa.

"Kan gadar Jebba. Ina gadon sama ina kallon kogi, aka kawo min shayi da..."

"Da soyayyen kifi," in ji Baba Aaron. "Mai jar ɗamara ya rusuna ya ce, 'Yallaɓai, a ƙaro?' Japhet, wanga ai jirgin ubanka ne."

Difi'o ya ajiye biro.

"Jirgi ai jirgi ne," in ji Japhet.

"Wannan jirgin ya daina tafiya tun kana rarrafe," in ji Theresa. "Ba ka taɓa taka tarago ba. Labarin da kake ji tun kana yaro ka kwaso mana. Ba ni takardar hutunka."

"Ba ki da ikon tambayata."

"To ga wadda kake nema a akwati."

Ta shimfiɗa takardar a kan tebur. Daga barikinsa ta fito, zuwa ga mahaifinsa. Kofur Japhet Haggai, ba kyaftin ba, ya gudu daga bakin aiki wata takwas da suka wuce, lokacin da aka sa sunansa cikin masu tafiya aikin kiyaye zaman lafiya. Ana nemansa. A ƙasan takardar tsohon ya rubuta da fensir: "Na kira shi ya zo Lahadi. Ni da kaina zan mai da shi."

Japhet ya cire tabarau. Bai yi kuka ba, bai roƙi kowa ba.

"E, na zo. Da kabu-kabu daga Kontagora, lokacin da kowa ke coci. Na ce shi ba ni takardar in ƙona, shi bar ni in yi rayuwata. Joel ya tafi Laberiya, ko gawarshi ba mu gani ba, ni ma sai in bi? Ya ce gara a ce ɗanshi ya mutu da a ce ya gudu. Ya riƙe mani riga, da ƙafar nan tashi mai ciwo, wai shi zai kai ni bariki. Na ture shi. Turewa ɗaya."

"Sannan ka bar shi a ƙasa kana tonon akwati," in ji Theresa. "Ka dawo kuma ka ce a ɗaure wadda ta yi jinyarsa shekara goma."



Kofur ɗin 'yan sanda ya matso da ankwa. Theresa ta ɗaga hannu ta ce a dakata. Ta sa Japhet ya ciro taurarin kafaɗarsa da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye a teburin Difi'o kusa da kwalbar lemon shekaranjiya. Aka fita da shi, aka sa shi a motar da aka tanada domin Saloma.

Theresa da kanta ta buɗe sel. Saloma ta fito ba ta yi wa kowa godiya ba, ta tsaya a gaban kantar ofis ta ce ba za ta tafi ba sai da kayan Baba. Aka miƙa mata firam ɗin, takardar bariki kuwa ta zauna a fayil.

Ta duba gilashin, ta ga shatin yatsun 'yan sanda a kai. Ta kama bakin zanenta ta shiga gogewa a hankali, yadda ta saba ganin tsohon yana yi kowace safiya. Tana cikin gogewa ta zauna a kan benci, a gaban kowa, ta fashe da kuka.